LibreOffice a kwamfutata: abin da na gani bayan na saba da ita

Duk mai aiki da kwamfuta ya san saƙon nan da ke fitowa a saman shafi cewa wa'adin lasisin manhajar rubutu ya ƙare. Daga nan sai dai ka karanta takardarka, amma ko harafi ɗaya ba ka isa ka gyara ba. Mutane da yawa kwafin sata suke nemowa daga wani shafin intanet da ba su san mai shi ba, kuma sharaɗin farko da irin waɗannan shafuka ke gindayawa shi ne ka kashe manhajar tsaron kwamfutarka kafin ka girka. Wanda ya ce sai ka sallami mai gadi sannan ya shigo gidanka, ai ka san ba gaisuwa ta kawo shi ba. Wannan ne ya sa na koma LibreOffice, kuma yanzu na yi aiki da ita isasshe har ina da abin cewa.

Kyauta ce, kuma halal: ba lasisi, ba rajista, ba talla. Wata gidauniya mai zaman kanta da ke Jamus, The Document Foundation, ke kula da ita. Asalinta daga OpenOffice ne. A 2010, bayan kamfanin Oracle ya sayi Sun Microsystems, kamfanin da ke riƙe da OpenOffice, masu aikin sa-kai da dama suka ɓalle suka ci gaba da aikin da sabon suna, fitowa ta farko ta biyo baya a 2011. Daga 2024 suka koma sa wa kowace fitowa lambar shekara da wata, shi ya sa za ka ga irin su 24.2. Ina son wannan tsari, don da kallo ɗaya ka san ko taka ta tsufa.

Saukewa ba wuya, in dai daga shafinsu na ainihi ka ɗauko. Na jaddada haka ne saboda akwai shafukan da ke rarraba manhajojin kyauta suna cusa musu tarkace. Fayil ɗin bai kai rabin gigabait ba, kana girkawa ka gama, ba ta ƙara neman intanet don ta yi aiki. Akwai ta Windows da macOS da Linux. A ciki akwai Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na majigi, sai Draw na zane, Base na rumbun bayanai, da Math na rubuta alamomin lissafi.

Writer shi ne inda nake wuni, kuma bai gaza min ba. Kanun babi, lambar shafi, jadawali, bin sawun gyaran da wani ya yi, duk suna nan. Fuskar ce dai za ta ba sabon shiga mamaki, don tsohon tsarin jerin menu ne. Wanda ya saba da fuskar Word ta zamani zai iya canzawa zuwa mai kama da ita a ƙarƙashin View, ko da yake ni na bar ta yadda ta zo.

Inda ake samun ƙura shi ne musayar fayil da masu amfani da Word. Wani abokin aiki ya turo min takarda mai shafi ɗaya cif, sa hannu a can ƙasa. Ina buɗewa na tarar layin sa hannun ya zame zuwa shafi na biyu, shi kaɗai tilo. Dalilin ba boyayye ba ne: an rubuta takardar da salon harafin da babu shi a kwamfutata, sai manhajar ta maye gurbinsa da wani mai ɗan faɗi, kowane layi ya ƙara tsawo kaɗan, kaɗan-kaɗan ɗin nan ya taru ya ture layin ƙarshe. Maganinsa shi ne haruffan da aka ƙera da awo ɗaya da na Microsoft. Carlito yana zama a gurbin Calibri, Caladea a gurbin Cambria, Liberation Serif kuma a gurbin Times New Roman. In suna cikin kwamfutarka, yawancin wannan zamewar tana gushewa. Takarda mai akwatunan rubutu da hotuna jibge a kan juna kuwa, dole ka duba ta da idonka kafin ka tura.

Akwai kuma tambayar da take yi duk lokacin da ka zo adana fayil ɗin docx: a bar shi a tsarin Word ko a mayar da shi ODF? ODF shi ne tsarinta na gida, wanda hukumar tsara ma'auni ta duniya, ISO, ta amince da shi tun 2006. Ni dai abin da zan ajiye wa kaina ODF nake yi, wanda wani zai gyara docx, wanda karantawa kawai za a yi kuma PDF. Maɓallin PDF ɗin yana nan a sama, dannawa ɗaya, kuma abin da ka gani shi mai karɓa zai gani. Draw ma yana buɗe PDF ka gyara kwanan wata ko kalma ɗaya, abin da ban yi tsammani ba.

Calc yana ɗaukar layuka sama da miliyan ɗaya kamar Excel, kuma ƙa'idojin lissafin yau da kullum iri ɗaya ne. Amma in aikinka ya dogara da makro na VBA, wato ƙananan umarnin da ke gudanar da aiki da kansu, da aka rubuta don Excel, kada ka yi gaggawar ƙaura, don ba dukansu ke tafiya ba. Impress ya ishi darasi ko taro, sai dai samfuran adonsa kaɗan ne. Babu manhajar imel a cikin kunshin, haka nan mutum biyu ba sa rubutu a takarda ɗaya lokaci guda kamar a Google Docs.

Ɗalibi, malami, marubuci da mai ƙaramin ofis, ina ganin ta ishe su har da saura. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ma ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice. In kana shakka, girka ta gefe da wadda kake da ita, ba sa faɗa da juna, ka buɗe fayil ɗinka mafi rikitarwa ka ga yadda zai fito.