Sabuwar kabireta ta tashe min janareta, sannan ta kusa ƙona min mota

Mai shagon da ya sayar min da kabiretar nan a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ya rantse min cewa asali ce. Ba asali ba ce. Wadda ta zo da injina, Honda GX160, akwai sunan Keihin a jikin ƙarfenta, wannan kuwa ko harafi ɗaya babu, kwalinta ma fari fat. Amma ita kaɗai na samu a ranar, firiji kuma ba ya jiran kowa.

Maganin dabbobi nake sayarwa. Ina bin kasuwanni, Adumri, Ngong, Pitowa ranar Lahadi, wani lokaci har Gidar, a tsohuwar HiAce da na cire wa kujerun baya na sa katifa da fanka da ƙaramin firiji. A nan nake kwana. Janaretan yana cikin akwatin ƙarfe da mai walda ya haɗa min a bayan motar, salansa tana fitar da hayaƙi waje, nesa da taga, domin hayaƙin nan yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Allurar rigakafi tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a garin da zafin Afrilu ke haura 40. In janareta ya tsaya, jarina ne ke lalacewa ina kallo.

Ciwon da ya kama shi duk mai janareta ya san shi. Ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, kwan fitila yana haske yana dishewa, ba ya zama daidai sai an ja cok rabi. Jet ɗin silo ne, wato ƙaramin ramin da mai ke bi a cikin kabireta, ya toshe da dauɗar mai. Na wanke shi, na hura, ya yi kwanaki ya koma. Ramin ƙarfen tsohuwar kabiretar ma ya ci, sandar maƙogwaronta tana rawa, iska na shiga ta inda bai kamata ba.

Zan faɗi alherin sabuwar kabiretar, don tana da shi. Ɗaurinta bai ba ni wahala ko kaɗan ba. Noti biyu ne masu lamba 10 ke riƙe da gidan matatar iska, ka zare su, ka cire tiyon mai, ka karkata kabiretar ka fitar da sandar gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun injin, da siririn sifirin ɗin da ke tafiya tare da ita. Sabuwar ta zauna a kan ƙusoshin daram, kamar a kansu aka ƙera ta. Abu ɗaya, ku tabbata ta janareta aka ba ku, ba ta injin ban-ruwa ba, wadda ke da makunnin mai a jikinta. Injin ɗaya ne amma kabiretar ta bambanta. Na ja igiya, ya kama. Wallahi na daɗe ban ji muryar injin nan a miƙe haka ba. Na sa mita, wuta ta tsaya a 220, ba ta rawa, firiji ya ɗauka ba tare da injin ya durƙusa ba. Na ce wa yaron da ke taya ni, duk wanda ya raina kayan kwafi bai gamu da wannan ba. Har abokan sana'a biyu na tura shagon.

Daren jajiberin kasuwar Adumri ne abin ya faru. Firiji ya yi sanyi sosai, sai na kashe janareta bayan tsakar dare don in huta da ƙara, na bar makunnin mai a buɗe tunda zan sake tayarwa da asuba. Haka nake yi shekara da shekaru da tsohuwar, ba na rufewa sai zan hau hanya, ko ɗigo ba ta taɓa yi min ba. Wari ne ya tashe ni. Ba irin ɗan warin da ke bin kowane janareta ba, wari mai shiga maƙogwaro, kaina har yana sarawa. Ban kunna komai a cikin motar ba. Na buɗe ƙofa na zagaya baya, na tarar fetur ya cika ƙasan akwatin, yana tsiyaya ta bakin matatar iska, yana bin jikin mota yana sauka a ƙasa. Taku kaɗan daga nan mai shayi ya riga ya hura wutarsa don masu sammako. Na ce masa, "Malam, don girman Allah kashe wutar nan!" Bawan Allah bai tsaya tambaya ba, ya juye mata ruwan bokiti. Muka tura motar da hannu, ni da shi da wasu Fulani da suka kwana wurin, ba mu yarda mun murɗa makulli ba. Muka zuba yashi a kan man. Har yanzu in na tuna kan katifata yana jikin akwatin nan, jikina mutuwa yake yi.

Da gari ya waye na kwance kwanon kabiretar. Allurar da fulot, abin nan da ke yawo a saman mai a cikin kwanon, ke turawa ta toshe mai in kwano ya cika, robar bakinta ta kumbura ta yi laushi, ba ta zama a mazauninta. Tankin janareta a sama yake, mai kuma gangarowa yake yi da kansa, in allura ba ta rufe ba babu abin da zai tsayar da shi sai tanki ya ƙare. Bai tsaya a waje ba, ya gangara har cikin injin. Na buɗe murfin baƙin mai, ya yi ambaliya, ya tsinke, warin fetur kawai yake. Da na ja igiya a haka, da injin ne zai bi. Na zubar, na sa sabo, wajen lita 0.6 yake ci, na cire fulogi na shanya. Ranar kasuwa guda ta tafi ina neman ƙanƙara a gari ina jera wa magunguna.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsar mai shagon. Na kai masa allurar a tafin hannu, bai ko karɓa ba ya ce, "Alhaji, man bakin hanya kake sha, laifin zuwa-zuwa ne." Kowa a arewacin nan ya sha man kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, ban musa ba. Amma tun da aka cire tallafi a can a 2023 ya daina araha, ni gidan mai nake zuwa, inda lita ta koma sefa 840 a farkon 2024, ina kuma da matata a kan tiyo. Na gaya masa na ɗauko allurar tsohuwar kabireta na sa a cikin tasa, da man da ya rage a tankin, yoyo ya tsaya cak. Ya ce shi dai kaya in ya fita ya fita.

To a yanzu haka janaretan yana aiki, kuma yana aiki da kyau, ba zan ɓoye ba. Ƙarfen kabiretar da jet ɗinta ba su da laifi. Duk abin da yake roba a cikin kwalin nan kuwa ban yarda da shi ba. Kada ku jefar da tsohuwarku, ku zare allurarta da zoben robar kwano ku mayar cikin sabuwar tun kafin ku ɗaura, kuma ku rufe mai duk lokacin da kuka kashe inji. Mutum biyun da na tura na kira su na gaya musu, ɗaya ya ce tasa ma ta fara jiƙa. Guntun tiyon da aka haɗo a kwalin shi ma ya tsage a bakin kilif kafin wata ya zagayo, sai na babur na yanka na sa.