Farin tiyo ko baƙi, filtar takarda ko ta raga?

Salam ɗan'uwa. Ka ce bagin nan taka, ƙaramar motar shiga daji mai injin GY6 150, tana shaƙewa ta mutu in ka hau tudu a hanyar gona wajen Ejura, kuma kana tambayar wane tiyon mai da wace filta za ka saya in ka shiga Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota a Kumasi.

Farin tiyon nan mai nuna ciki yana da daɗin ido, kana ganin fetur na tafiya, in akwai datti ko iska ma za ka gani, ga araha. Amma yawancin wanda ake yanko maka a shago PVC ne, ba don fetur aka yi shi ba, zafin inji da ranar Kumasi suna haɗuwa ya yi rawaya ya ƙandare kamar busasshen kara, bakinsa ya saki wuyan kabureta, mai ya fara ɗiga kusa da salansa, to ka san abin da ke biyo baya Allah ya kiyaye. Baƙin tiyo na roba mai zare a ciki ba ka ganin komai amma yana jure zafi da jijjiga. Duba jikinsa, in ka ga an buga SAE J30R7 shi ne na kabureta. Akwai J30R9, wannan na motoci masu injekta ne da ke tura mai da ƙarfi, zai yi aiki amma kuɗinka kawai za ka ƙara. Ni dai baƙin zan saya ba ko tantama. Yanki guntun tsohon ka tafi da shi, ramin yawanci 5mm ne ko 6mm, kada yaron shago ya ce maka ai duk ɗaya ne.

Filta kuwa sai ka fara duba inda tankinka yake.

In tankin yana sama da kabureta, mai da nauyinsa yake gangarowa, ba abin da ke tura shi. Nan filtar takarda mai matsatsin ido kan takura shi, a ƙasa-ƙasa injin na tafiya lafiya amma da ka taka wuta a tudu sai kwanon kabureta ya ƙafe, wato irin abin da ka kwatanta. Ta raga ta fi dacewa a nan, tana sakin mai sosai kuma ana wanke ta, illarta ƙura mai laushi irin ta hunturu tana wucewa ta toshe ƙaramin jet, wato ɗan hujin da mai ke bi a cikin kabureta. In kuma tankin na ƙasa kana da ɗan famfon da iskar inji ke bugawa, sa ta takarda, ta fi kama tsatsa da jar ƙasa, sai dai ba ta shiri da ruwa, tana kumbura, kuma mu da muke ɗura mai daga galan Kufuor, jarkar roban nan mai ruwan ɗorawa, a gona ruwa ba ya rasuwa, don haka ajiye guda a akwatin kayan aiki.

Kibiyar jikin filta ta kalli kabureta. Sa kilif na ƙarfe a kowane baki, ban da ɗaurin waya.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya ma, in ta sake mutuwa buɗe murfin tanki nan take. In ka ji ya ja iska fuuu kuma ta tashi, ƙaramin hujin murfin ne ƙura ta toshe, allura kawai za ka sa ka buɗe shi.