Hattara da masu tallan "kayan fara kiwon awaki" a intanet

Jama'a, duk wanda ya sayi awaki kwanan nan, ko yake shirin saye, ya daure ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi.

Akwai wasu da ke buɗe shafuka a Facebook da zaurukan WhatsApp suna kiran kansu ƙwararru a kiwon awaki. Da farko ba sa neman komai a hannunka. Shawara suke bayarwa kyauta, suna saka hotunan ƙosassun awaki, suna amsa tambayoyin sababbin shiga da fara'a. Sai an saki jiki da su sannan su fito da hajarsu: wayar shinge da wai akuya ba ta iya ƙetarewa, da wani gari da wai yana ƙosar da dabba cikin 'yan makonni, ba sai ka sha wahalar neman ciyawa ba. Su ce kaya sun kusa ƙarewa, a ba da kafin alƙalami yau.

Wasunsu da zarar kuɗi ya shiga, shi ke nan, lamba ta daina shiga. Waɗannan ma da sauƙi, aljihunka kawai suka taɓa. Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne masu kawo kayan, domin abin da suke kawowa yana iya kashe dabbobin da ka tara kuɗi ka saya.

Akuya dabba ce mai tuƙa. Tumbinta cike yake da ƙananan halittu masu narkar da ganye da ciyawa, kuma lafiyarta ta rataya a kansu. A yini tana cin busasshen abinci da ya kai kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyin jikinta, mafi yawansa kuma dole ya zama ganye, ciyawa ko harawa. Hatsi da dusa ƙari ne kawai. Don haka duk wanda ya ce maka garinsa ya wadatar ba sai da ciyawa ba, ko dai bai san akuya ba, ko ya san ta sarai yana yi maka ƙarya. In aka cika mata ciki da gari lokaci guda, tumbin sai ya yi tsami, ta daina tuƙa, ta kama zawo, wani lokaci kafin gari ya waye ta mutu.

To me ke cikin buhun ma? Yawanci buntun shinkafa ne da garin katako don ya cika ido, da yashi don ya yi nauyi a sikeli. Mafi muni shi ne takin yuriya, kuma akwai dalilin da ya sa suke zuba shi. Gwajin da aka saba yi wa abincin dabbobi ba furotin yake aunawa kai tsaye ba, sinadarin naitirojin da ke cikin furotin yake aunawa, sai a ninka da 6.25 a samu yawan furotin. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, saboda haka kilo ɗaya nata yana fitowa a takarda tamkar kusan kilo uku na furotin. Shi ya sa ɗan damfara zai iya nuna maka sakamakon gwaji mai kyau alhali ƙaiƙayi ya sayar maka. Irin wannan dabarar aka yi da sinadarin melamin a madarar jarirai a ƙasar Sin a 2008, har aka rasa rayuka.

Wani zai ce ai masana ma suna saka yuriya a abincin dabbobi. Gaskiya ne, amma da awo: ba ta wuce kusan kashi 1 cikin ɗari na dukkan abincin, ana gauraya ta sosai, ana saba wa dabba da ita sannu a hankali, kuma ba a ba 'ya'yan awaki da tumbinsu bai ƙosa ba. Mutumin da ke cakuɗa gari da shebur a ɓoye bai damu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. In yuriya ta yi yawa, cikin sa'a guda za ka ga akuya tana karkarwa, tana dalalar da miyau, tana tangaɗi, ciki ya kumbura, numfashi da ƙyar.

Wasu kuma kan zuba magani irin su deksametason, wato maganin rage kumburi. Dabba za ta buɗe ciki ta yi bul-bul kamar ta ƙoshi, amma garkuwar jikinta ta raunana, mai tsohon ciki kuma ta yi ɓari. Wata biyar akuya take ɗauke da ciki. Ka duba irin asarar.

Gwada garin ba wuya. Ɗebi cikin hannu ka zuba a kofin gilas mai ruwa, ka motsa. Yashi zai kwanta a ƙasa, buntu da garin katako su taso sama. In ka ga fararen ƙwayoyi masu narkewa nan take, ka yi zargin yuriya. Ka shinshina, in da warin fumfuna kada ka bayar. Buhun da babu sunan kamfani da adireshi, babu jerin abin da ke ciki, babu ranar da aka haɗa shi, bai kamata ya shiga garkenka ba. Ko abinci mai kyau ne ma, in sabo ne a kwana 7 zuwa 10 ake saba wa dabba da shi, kaɗan-kaɗan.

Ta fannin shinge kuwa, da lamba suke cutar mutane. A awon waya, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 12.5 kaurinta kusan milimita 2.5 ne, lamba 16 kuwa kusan 1.6. Sai mai talla ya riƙa tinƙaho da babbar lamba, wanda bai sani ba ya ɗauka ita ce mai ƙarfi. Haka kuma su fesa wa baƙar waya farin fenti su ce mai rufin tutiya ce da ba ta tsatsa. Kankare ta da wuƙa, fenti zai ɓare. Sannan ka warware naɗin ka auna da tef, domin sau da yawa tsawon ba ya kai abin da aka rubuta.

Shingen akuya ya kamata ya kai mita 1.2 a tsayi, idanun ragar kuma kada su wuce santimita 10 kowane gefe. Mai santimita 15 tarko ce: akuya ta zura kai, ƙaho ya maƙale, ta kasa fitarwa, ta yini a rana ko kare ya same ta a haka. Saƙaƙƙiyar waya ta fi wadda aka yi wa walda, don akuya kullum cikin goga jiki da ɗora ƙafa take, walda kuma ɓallewa take yi. Waya mai ƙaya tana yaga hantsa. Wanda ya ce ita ce ta dace da awaki, ka san da wa kake magana.

Kada ka biya abin da ba ka taɓa da hannunka ba. Ka nemi samfuri tukuna, ka nuna wa likitan dabbobi ko wani da ya daɗe a kiwo. In mai kaya ya ƙi, ko ya fara matsa maka da cewa lokaci na ƙurewa, ka rabu da shi.

Wanda kuma ya riga ya saya, ya janye garin daga gaban dabbobinsa yanzu, ya bar su a kan ciyawa da ruwa mai tsafta, ya kira likita in ya ga wata alama. Kada ya zubar da ragowar, shaida ce. Ya adana hirarsu da rasidin tura kuɗi, ya sanar da bankinsa da 'yan sanda da wuri, ya kai ƙarar shafin, sannan ya faɗa wa sauran 'yan zauren, domin mutumin nan yana nan yana amsa tambayoyin wasu sababbin shiga.