Zogalen gona ko na kwalba?

Ɗalibai a Samaru sun sha tambayata: wajen binciken fenol, sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, wanne za su ɗauka, ganyen zogalen gona ko tsiron zogalen da ake renonsa cikin kwalba a ɗakin bincike?

Ganyen gona da araha, kuma zafin rana kan sa shi tara fenol. Sai dai na damina daban, na rani daban.

Tsiron kwalba, da ake reno a haɗin sinadaran abincin tsiro da masana Murashige da Skoog suka fitar a 1962, ba ruwansa da yanayi. Amma yana cin kuɗi, yana son wutar lantarki, kuma fumfuna na shiga, aikin wata guda ya tafi. Wannan na damuna ƙwarai. Sau da yawa fenol ɗinsa bai kai na ganye ba sai an tsokane shi da haske ko sinadari.

Mai ƙaramin aljihu ya nufi gona. Mai son sakamakon da zai maimaitu ya riƙi kwalba.