Kafin Ka Sayi Irin Da Za Ka Binne A Gona

Tun da buhun yuriya ya fi ƙarfin aljihu, wasu manoman kewayen Zariya suka koma ga takin ɗanyen ganye: a shuka abu mai yaɗo, da ya fara fure a bi shi da garma a binne, ya ruɓe a cikin kunya. Dangin wake ake nema, domin ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu ne ke jawo naitirojin, wato sinadarin da ke cikin yuriya, daga iska. Tuge ɗaya ka fasa ƙullin da farce. In ka ga ja-ja a ciki, yana aiki.

Wake mai yaɗo shi ne mafi sauƙin samu, ko a kasuwar Sabon Gari ka auni mudu, ga kuma irin SAMPEA na cibiyar binciken noma ta Samaru. Matsalarsa zuciyar mai gona ce. Wa zai ga wake ya yi fure shar ya sa masa garma, alhali ga tsaba ga harawa? In ka san ba za ka iya ba, kada ka yaudari kanka, ka yi nomansa kawai. Haka waken suya, sai dai shi yana rage wuta-wuta a gonar da za a sa masara ko dawa baɗi.

Mukuna kuwa ɗan'uwan karara ne, amma na shuka ba ya ƙaiƙayi. Ga gonar da tofa ta cinye, ban ga kamarsa ba: yakan lulluɓe ƙasa ruf, ciyawa ta rasa rana ta mutu. Ba shi da kunya fa. Ka shuka shi rana ɗaya da masara, ya haye ta ya kayar, don haka a bari masara ta yi kamar kwana 40 tukuna. Kuma tunda ba a cinsa kai tsaye, hannu ba ya rawa wajen binne shi.

Ni dai lablab, wani dangin wake mai yaɗo, na fi karkata gare shi ga mai ƙaramar gona da 'yan tumaki. Saiwarsa na nitsewa, yana nan kore bayan ruwa ya ɗauke a Oktoba, kuma an daɗe ana ciyar da dabbobi da shi a cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Ka yanki sama ka ba dabba, ka binne saura. Amma gonar da ba shinge, da an saki dabbobi bayan kaka, ba kai za ka ci moriyarsa ba.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka biya kuɗin buhu sai ka gwada. Ƙirga ƙwaya 10 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na kwana biyar zuwa bakwai. In ƙasa da takwas suka tsiro, nemi wani. Bayan binnewa kuma, a ba ƙasa mako biyu zuwa uku kafin sabuwar shuka, kuma a yi aikin tun da sauran laima, don a busasshiyar ƙasa ganye ba ya ruɓewa.