Wane makulli ya fi dacewa kafin ka miƙa wa baƙo wayarka?

A yini guda wayar mutum takan shiga hannun mutane da yawa. Mai caji a bakin kasuwa, mai gyara a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, yaron da ke tura finafinai da karatu ta Xender, ko bawan Allahn da ya tare ka a tasha ya ce katinsa ya ƙare, ka taimaka masa ya kira gida. Galibinsu ba su da wata mugun nufi. Amma wayar yanzu ita ce asusun banki, ita ce akwatin hotunan iyali, kuma mintuna uku sun ishi wanda ya san abin da yake nema.

Hanyoyin kariya sun kai shida, kuma wadda na fi amincewa da ita kyauta ce, tana cikin wayar tun daga kamfani: kafe manhaja ɗaya a fuskar waya. Tun Android 5.0, wato 2014, take nan, amma da wuya ka ga mai amfani da ita. Ka shiga Settings, ka rubuta App pinning ko Screen pinning a wurin bincike. A Samsung za ka tarar da Pin app ko Pin windows. Ka kunna, sannan ka kunna zaɓin da ke ƙarƙashinsa, wanda ke cewa a nemi lambar sirri kafin a cire kafin. Wannan na biyun shi ne ran abin. Idan ka bar shi a kashe, duk wanda ya danne maɓallin komawa baya da na jerin manhajoji lokaci guda ya fita, ya shiga inda ya ga dama. Daga nan duk sa'ad da za ka ba da waya, ka buɗe manhajar da mutumin ke buƙata, ka shiga jerin manhajojin da ke buɗe, ka taɓa tambarinta da ke sama, ka zaɓi Pin. Ba zai iya janyo saƙonni daga sama ba, ba zai iya komawa gida ba, kuma da ya yi yunƙurin fita wayar za ta kulle kanta. Ba ta cin wuri, ba ta cin batir, kuma ba ta ɗaukar fiye da daƙiƙa biyar.

Sai dai a san iyakarta. Kafi yana tsare mutum a cikin manhaja, ba ya tsare abin da ke cikin manhajar. Idan ka kafe wurin hotuna don ka nuna wa wani hoton atamfa, yana iya jan yatsa ya ga na gaba da na bayansa. Mafi haɗari shi ne wurin buga kira. Wanda ka kafe masa shi yana iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, ko *346# ya nemi NIN, ko ya danna **21* da wata lamba da # a ƙarshe ya karkatar da duk kiran da ke shigo maka zuwa wayarsa. Da wannan karkatarwar ake ƙwace WhatsApp: sai ya saka lambarka a wayarsa, ya zaɓi a kira shi a faɗa masa lambar tabbatarwa, kiran kuma ya sauka a wurinsa. Saboda haka mai roƙon kira, kai za ka danna masa lambar da hannunka, ka sa sifika ko ka tsaya a gabansa har ya gama. In ya ce zai ɗan matsa gefe saboda sirri, ka ce masa ya yi haƙuri. Bayan an dawo maka da ita, danna ##002# yana soke duk wata karkatarwa da aka sa.

Masu iPhone suna da tasu, Guided Access, a ƙarƙashin Accessibility. Danna maɓallin gefe sau uku ke tayar da ita, kuma a nan ta fi ta Android, domin kana iya kashe taɓa fuskar gaba ɗaya, mutum ya kalli hoto ɗaya ko bidiyo ɗaya ba tare da ya iya motsa komai ba.

Ɗakin baƙo, wato Guest da ke ƙarƙashin Multiple users, yana da kyau a takarda: baƙo ya tarar da waya fes kamar sabuwa. Amma yana ɗaukar lokaci kafin ya tashi, ƙaramar waya mai ram 2 ko 3 takan yi nauyi da shi, kuma wayoyi da yawa kamfani ya cire shi ma. Second Space na Xiaomi da Redmi kusan haka yake. Gilashin nan mai duhu da ake mannawa don na gefe kada ya gani, ya yi a cikin motar haya, amma wanda waya ke tafin hannunsa kai tsaye yake kallo, kuɗinka kawai ka kashe.

Wurin mai gyara lissafin ya bambanta, tunda wayar za ta kwana ko ta yini ba ka nan. Nan Samsung yana da Maintenance mode, wanda ya zo a 2022 tare da One UI 5. Yana cikin Settings a sashen kula da batir da na'ura. Da ka kunna wayar za ta mutu ta taso a matsayin wadda ba ta da hoto, saƙo ko asusun kowa. Mai gyara ya gwada sifika, kyamara da caji son ransa, duk abin da ya sauke kuma zai goge idan ka sa lambarka ka fita. Pixel ya samu irinsa, Repair mode, a ƙarshen 2023. In kana tsakanin wayoyi biyu masu kusan farashi ɗaya, ɗaya tana da wannan ɗaya ba ta da shi, ni dai mai shi zan ce ka ɗauka. Mai Tecno, Infinix ko itel ya duba nasa Settings, in bai gani ba ga abin yi: ya kwafe kayansa, ya cire layi da katin memori, ya kashe wayar kafin ya miƙa. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama bayanansu a rufe suke har sai an sa lambar sirri bayan an kunna. Canjin sikirin, batir ko bakin caji ba ya buƙatar lambarka. Idan mai gyara ya ce sai ya gwada, ka ce in ya gama za ka zo ka buɗe a gabansa. Kada ka zana masa fatan a takarda a manna a bayan waya, wanda shi ne abin da aka saba yi.

Makullin manhaja da ya zo da wayar, kamar App Lock na Tecno da Infinix, Secure Folder na Samsung, Private space na Android 15, da kulle manhaja na iOS 18 a iPhone, duka suna da amfani a matsayin katanga ta biyu. A sa wa manhajar banki, saƙonnin tes, imel da hotuna, da lambar da ta bambanta da ta buɗe waya. Mutane kan kulle WhatsApp su bar saƙonnin tes a buɗe, alhali can lambobin OTP da alat na banki suke sauka.

Wanda ya kamata a guje wa shi ne makullin da ake saukewa daga waje, musamman wanda masu tura kaya a kasuwa ke zuba wa mutum ba tare da ya nema ba. Irin wannan ba ya cikin ƙashin wayar, labule ne kawai yake saukewa a kan manhaja. A tayar da waya a Safe mode, wato yanayin da take tashi ba tare da manhajojin da aka sauke ba, labulen ya ɓace. A shiga Settings a tsayar da shi ko a goge shi, shi ke nan. Kafin ya yi aiki kuma sai ya nemi izinin Accessibility, wanda ke ba shi damar karanta duk abin da ke fuskar waya, har da abin da kake rubutawa. Ka sayi kare don gadi ya koma cin kajinka. Akwai kuma waɗanda ke zuwa da kamar kalkuleta suna ɓoye hotuna: ranar da aka yi wa wayar filashin ko aka goge manhajar, hotunan sun tafi ke nan, wasu kuma sai ka biya kafin su sake maka kayanka. Alamomin na bogi ba su da wuyar ganewa. Talla na faɗowa ko ba ka buɗe shi ba, yana neman izinin karanta tes da lambobin mutane, batir na zuba, kuma an turo shi ne a matsayin fayil ba daga Play Store ba. GB WhatsApp da danginsa, da ake yabo saboda suna ɓoye hira, su ma nan suke. Ainihin WhatsApp yana da Chat lock tun 2023, kuma kamfanin yana rufe lambobin masu amfani da na jabu. Bayan kowace bayar da waya ka leƙa Linked devices a cikin WhatsApp, domin daƙiƙa goma sun isa a haɗa hirarka da kwamfutar wani, ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lamba shida.

Duk waɗannan ba su kare layi. A wurin caji, inda ake jera wayoyi hamsin a kan teburi ɗaya, zare sim da tsinke a sa a ƙaramar waya ba ya ɗaukar minti ɗaya, kuma daga nan duk OTP wurin mai riƙe da shi zai je. Maganinsa lambar sirrin sim, wadda ke ƙarƙashin SIM card lock, lamba huɗu zuwa takwas. Wayar za ta fara tambayar lambar asali ta kamfanin layi. Ka tambayi kamfanin, kada ka yi cinke, domin kuskure uku ke rufe layin sai da PUK, mai lamba takwas da ke jikin katin da sim ya zo a ciki. Kuskure goma a PUK kuma layin ya mutu, sai ka je ofis da NIN ɗinka a yi maka welkam bak. Ka ajiye katin nan a gida, ba a cikin rigar waya ba, kuma ka kashe wayar kafin ka ba mai caji. A kashe ma ta fi saurin cika.