Baƙar mota: wakis na lavaj ko gyaran fenti da inji?

Alhaji barka da warhaka. Ka ce baƙar Corolla ɗinka idan rana ta haska ta sai kaga zane-zane masu zagaye sun cika bonet da ƙofofi, yaran lavaj, wato wajen wankin mota, sunce su shafa mata wakis ta dawo sabuwa, wani mai garaj a nan Garwa kuma yace sai dai a sa inji a gyara fentin kuma kuɗin da ya faɗa ya ninka nasu nesa ba kusa ba, kana tambaya wanne zaka yi. Toh duka biyun ba ƙarya suka maka ba, sai dai ba aiki ɗaya suke sayarwa ba.

Zanen nan ba a cikin baƙin fentin yake ba, a saman verni yake, wato ruwan nan mara kala mai sheƙi da kamfani ke fesawa a ƙarshe. Duka fentin mota daga kamfani kaurinsa wajen maikron 100 zuwa 150 ne (maikron dubu ne milimita ɗaya), verni kuma a ciki bai fi 40 zuwa 50 ba, ko kaurin silin gashi bai kai ba. Farar mota ma tana da zanen, ido ne kawai baya kamawa, baƙi kuwa baya rufa asiri.

Wakis baya cire komai. Cika ramukan yake yi, kamar hoda a fuska mai tabo, ranar da aka shafa wallahi sai ka rantse daga Duwala aka sauke ta jiya. Arha ne, awa ɗaya ko biyu an gama, kuma baya cin verni ko kaɗan, wannan shine alherinsa. Amma ka tuna inda muke, watan Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, baƙin ƙarfe a rana kuwa ko hannu baka iya ɗorawa, ga shi yawancin masu wanki da Omo suke wankewa wanda shi kuma yana kwashe wakis ɗin, saboda haka cikin ƴan makonni zanen ya dawo yadda ka barshi.

Inji kuwa cin verni yake yi, ana sa man gogewa mai kaushi a soso a rage saman har ya zo daidai da gindin zanen, sannan a bi da mai laushi a fito da sheƙi. Abinda ya tafi ya tafi kenan, zanen baya dawowa sai in an sake yin sabo. Matsalar itace vernin da aka ci shima baya dawowa, kuma shine ke kare baƙin daga rana, in yayi siriri sai kaga rufin mota ya fara fari yana ɓarewa, daga nan sai sabon fenti. Shi yasa ba aikin duk shekara bane, kuma ba kowa ake ba ba. Injin da ke juyawa waje ɗaya a hannun wanda bai ƙware ba yana ƙona gefen ƙofa cikin ƙiftawar ido, ko ya bar wani walƙiya-walƙiya da baka gani sai ka fita rana, wanda ke juyawa yana kaɗawa ya fi sauƙin haɗari ko da yake yana ɗaukar lokaci. Ga kuma motocinmu yawanci na hannu ne daga Turai, wata ƙofar an taɓa sake mata fenti tun can baka sani ba, shi yasa ƙwararre ke auna kaurin fenti da ɗan na'ura kafin ya taɓa.

Kafin ka biya kowa ka gwada da farce. In ka ja farce a kan zanen bai maƙale ba inji zai cire shi, in ya maƙale ko kaga fari a gindinsa toh yayi zurfin da inji ba zai cire ba, wannan aikin mai fenti ne kar wani ya cinye maka kuɗi. Shi kuma mai injin kace ya yi ɗan waje a bonet, ya goge da alkol, ku fito rana ku duba. In zanen ya dawo bayan alkol ɗin to cikawa yayi bai gyara ba.

Za su kawo maka zancen seramik, wani ruwan kariya da ake shafawa a kan fenti. Yana daɗewa shekaru ba kamar wakis ba kuma ƙura bata kama shi sosai, amma baya hana zane, kuma in aka shafa kan fentin da ba a gyara ba an rufe zanen a ciki kenan.

Ni a nawa ganin in sayar da motar zaka yi ko biki ne ya taso, yi wakis ka huta. In zama zaka yi da ita, ka bari hunturu ya wuce tukuna, don ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Bodele a Chadi daga Disamba zuwa Fabrairu ita ke yin ɓarnar idan maigadi ya bi ta da busasshen tsumma da safe, sannan a yi gogewa ɗaya mara zurfi da inji, ba sai an kori kowane zane ba, a ɗora wakis ko seramik a kai. Amma fa sai in wanki zai canza: a fara watsa ruwa ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa, bokiti biyu ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye tawul, tawul mai laushi na maikrofaiba wanda baya taɓa taya, a inuwa, kuma a tsane ruwan kafin ya bushe don ruwan rijiya na barin tabo a baƙi. Kashin tsuntsu kuma in ka ajiye ta ƙarƙashin darbejiya a jiƙa a cire shi ranar, kar ya kwana. In kasan yaran lavaj ɗinka ba za su bi wannan ba Alhaji ka riƙe kuɗin injin, wakis ɗin ya ishe ka.